Tsohuwar da Ta Hana a Matsa Min Ƙafa

Shekarun baya, lokacin ina Kuala Lumpur ina digiri na biyu a fannin jinya, an kwantar da ni a wani asibiti an cire min ƙari a mahaifa. A wurin likitoci ba wani babban aiki ba ne. Ni kaina da nake nas na sha tura mata ɗakin tiyata don irinsa ina ce musu kar su damu. Sai da aka tura ni na gane cewa maganar nan ta fi daɗin faɗa a kan ji.

Kafin in shiga labarin, bari in gaya muku abin da nake karantawa a lokacin, don ku ji daɗin yi min dariya yadda ya kamata. Kundina gaba ɗaya a kan ra'in wata mata 'yar ƙasar na gina shi, wadda duk nas ɗin da ta yi karatu a can ta san sunanta. Ta fara aiki ne a ƙananan asibitocin ƙauye, tana jinyar Malayawa da 'yan Sin da Indiyawa, sai ta lura kowace ƙabila tana da amsar da take ba mai tambayar jiki, amsar ladabi wadda ba ruwanta da ciwon. A ra'inta, amsar farko ta tarbiyya ce, ta biyun ita ce ta jiki. Nas ɗin da ta tambaya a tsaye, rabin jikinta ya riga ya juya ga gado na gaba, ta farkon kawai za ta samu. In kana son ta biyu, sai ka zauna, ka yi ƙasa da majinyacin, ka rufe bakinka ka jira. Ni kuma na ɗauko wannan ina so in gwada shi a kan matanmu na Arewa, in gano abin da ya sa muke ɓoye ciwo.

Ban taɓa ganin matar ba, kuma ban taɓa sa ran ganinta ba. Babban ɗakin taro na sashenmu sunanta ne a goshinsa, ga hotonta a bango, baƙi da fari, tana budurwa da 'yar farar hular nan ta nas-nas ɗin da. To a inda na fito, in ka ga sunan mutum a jikin gini, ko dai ya rasu ko kuwa gwamna ne. Tunda ita ba gwamna ba ce, sai na yanke mata hukunci ni kaɗai, ban tambayi kowa ba. Duk sanda na wuce ta gaban hoton sai in ce Allah ya jiƙanki, ya sa aikinki ya bi ki.

Ɗakin da aka kwantar da ni na kowa da kowa ne, gadaje a jere, labule ne kawai tsakani. A gadon da ke hannun damana akwai wata 'yar ƙaramar tsohuwa, bututun iska a hancinta, ƙafafunta sun kumbura suntum saboda ciwon zuciya. Nas-nas ɗin suna kiranta Mak cik, kamar dai mu ce Inna ko Gwaggo. Gaskiya da farko ba ta kwanta min ba. Kallo ne da ita. Duk juyin da na yi sai in ga idonta a kaina, in na kama ta sai ta yi murmushi ta ce, “Sudah makan?” wato ko na ci abinci, ta miƙo min biskit. A raina na ce, ko'ina ka je a duniya akwai tsohuwa mai sa ido.

Bayan aikin da 'yan kwanaki sai sharaɓata ta hagu ta fara nauyi. Daga nauyi ta koma zafi, daga nan ta kumbura, in na taɓa sai in ji ta ɗumi kamar an ajiye ta a rana. Jama'a, ni nas ce. Na san abin da wannan yake nufi ga wadda aka yi wa tiyata ta kwanta: jini ne yake daskarewa a cikin jijiya, kuma in gudan ya ɓalle ya bi jini ya hau huhu, mutum yana cikin magana zai tafi. Na taɓa rubuta wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. Amma da ya zo kan ƙafata sai na ce ai jijiya ce ta riƙe saboda kwanciya. Na tuɓe doguwar safar da aka sa min don tana matse ni, na ja bargo na rufe.

Dalilai kuwa ina da su. Ranar da zan tsaya gaban malamai in kare aikina ta matso, in aka ƙara min kwana a asibiti sai wani zangon. Ga mahaifiyata kullum a waya daga gida tana cewa, “Ki daure, 'yar nan. Ke da kike ma'aikaciyar asibiti, kar ki je ƙasar mutane kina raki a ce ba mu yi miki tarbiyya ba.” Ita da zuciya ɗaya take faɗa, haka aka rene ta, haka ta rene mu. Don haka in nas ta zo ta ce in zaɓi lambar da ta dace da zafin da nake ji, sai in zaɓi 'yar ƙarama in haɗa da murmushi. Ita kuma baiwar Allah ta yi aikinta, ta tambaya an ba ta amsa.

Ga kuma 'yan dubiya. Kun san mu da dubiya, ko a Malesiya ba mu bar hali ba. Lokacin ziyara yana yi sai ka ga matan 'yan digiri na uku sun shigo a jere da kuloli, wannan farfesu, wannan kunun gyaɗa, wata ta yo tapau, wato ƙunshin gurasarsu ta roti, daga shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak a hanya. Kowacce ta tsaya a bakin gado.

“Sannu, ya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Ke dai ki yi recovering da wuri, defence ɗin nan ba jiran ki zai yi ba.”

Haka zan yi ta rabon “da sauƙi” har su watse. Wata rana bayan sun tafi, Mak cik ta tambaye ni da Turanci me kalmomin nan biyu suke nufi, don ta ji ina ta maimaita su. Na ce ai cewa nake jiki ya yi dama. Ta gyaɗa kai ta ce su ma suna da irinta. Ban kawo komai a raina ba, na juya mata baya.

Ƙawata da muke zaune gida ɗaya a unguwar Pantai Dalam, wadda take karatun tattalin arziki, ita na raɗa wa ta zo min da man zafi. Ranar da ta kawo, da safen likita ya ce in komai ya tafi daidai gobe za a sallame ni, ina ta murna. Da la'asar ta ja labule rabi, ta zauna a kujerar da ke gefen gado, ta buɗe man, ta ɗaga bargo. Sai ta yi turus.

“Ke, wannan ƙafar ai ta yi biyun ɗayar. Are you sure ba za a kira nurse ba?”

“Don Allah ki matsa min kawai. Ni ce nas ko ke?”

Ta lakato man a yatsa. Hannunta ya kusa sauka a kan sharaɓata ke nan muka ji an daka tsawa.

“Jangan!”

Ko ba ka jin yarensu ka san cewa aka yi kar a kuskura. Muka waiga a firgice. Mak cik ce a tsaye, ta kama labulen da hannu ɗaya tana rawa kamar za ta kife. Tsohuwar da tun da na zo ban taɓa ganin ƙafarta a ƙasa ba. Ta cire bututun hancinta ta bar shi a kan filo, kana jin iskar tana fita a banza. Murya kuwa ba ka ce daga wannan ɗan jikin ta fito ba.

Ta ce wa ƙawata, “Ɗauke hannunki, 'yata. Ba ni kujerar.”

Ƙawata ta miƙe ta tura mata kujerar. Tsohuwa ta dafa ƙarfen gado, ta ja ƙafa, ta zauna. Kujerar gajera ce, sai ya zama ni nake kallon ta daga sama. Ta ɗauki lokaci tana neman numfashi, leɓenta ya yi duhu. Da ta samu kanta sai ta ce, a hankali, “Ya jikin?”

Na ce, “Na ji sauƙi sosai, Mak cik. Gobe ma za a sallame ni.”

Ba ta ce uffan ba. Ba ta harare ni ba, ba ta kalli ƙafar ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya ta zauna kawai, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya sai ni. Ina jin ƙarar keken magani yana wucewa a waje, wayar wata tana ringin a can ƙarshen ɗaki. Na gyara filo. Na kalli silin. Na ji haushi, na ce a raina wannan wace irin tsohuwa ce. Daga nan haushin ya wuce. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ƙafar ta kwana biyu tana ciwo, ko taka ta ba na iya yi. Na ce tun da safe in na ja numfashi mai tsawo sai in ji kamar an soka min allura a ƙasan haƙarƙari. Wannan na ƙarshen ko kaina ban yarda na gaya wa ba sai a lokacin.

Ta juya ga ƙawata ta ce ta ruga ta kira misi, haka suke kiran nas, ta ce musu ƙafa da ƙirji ne, kuma kar a bari in sauko daga gadon nan ko da wuta ta kama. Wallahi ko a lokacin ban gane komai ba. Ni da na haddace babi guda a kan zama da shiru, an yi min shi a gabana, amma abin da na ce a raina kawai shi ne tsohuwar nan ta daɗe a asibiti har ta koyi aikin.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi da kyau ba. Gudu, hoto, allurar tsinka jini, ɗakin kulawa ta musamman. An samu gudan jini a ƙafar, kuma wani ɗan guntu ya riga ya ɓalle ya isa huhu. Likitan da ya yi min bayani bai ɓoye min komai ba. Ya ce da an murza ƙafar nan, ko da an sallame ni na kama hanya, ba lallai in isa gida ba. Na kwanta ina kallon ledar ƙarin ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da na farfaɗo aka maido ni gadona na da. Mak cik tana nan, ta ƙara ramewa, yanzu abin rufe hanci da baki aka sa mata. Na yi mata godiya har da kuka, ta ɗaga hannu ta ce in bari, in ci abinci.

Washegari malamar da ke duba kundina ta zo dubiya. Mace ce da duk sashen ake shakkarta, in ta taho ɗalibai sai su canza hanya. Ta shigo da ledar lemo tana min faɗa tun daga bakin ƙofa, wai ta yaya nas za ta yi wannan sakarcin. Tana cikin faɗan ta juya don ta jawo kujera, sai idonta ya sauka a gadon dama. Ledar ta suɓuce, lemo ya gangara ƙarƙashin gadaje. Ina kallo matar nan da ban taɓa ganin ta rusuna wa kowa ba ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar nan da hannu biyu, ta sumbace shi, ta kai goshinta.

“Prof! An ce mana kina ƙauye wurin jikokinki!”

Ta juyo gare ni hawaye a fuskarta ta ce, “Kin san ko wace ce wannan?” Sai ta faɗi sunan. Sunan da ke goshin ɗakin taro, sunan da ke kusan kowane shafi na kundina.

Na kalli tsohuwa, na nemi budurwar hoton nan a fuskarta, sai ga ta a wurin idanu. Kuma abin da ya fito daga bakina, da ƙarfi, da Turanci, kowa yana ji, shi ne: “Ai ta rasu!”

Malamata ta zaro ido kamar ta haɗiye ni. Ita kuwa tsohuwa ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ɗaga mata kai. Da ta lafa na yi mata bayanin gini da gwamna, na ce tun zuwana ƙasar nake yi mata addu'ar mamata. Ta share ido ta ce, “Ki ajiye min addu'o'in. Ba sa lalacewa, kuma na kusa buƙata.”

Ashe ita ta ƙi ɗakin manya, ta ce a sa ta cikin mutane, ta kuma roƙi shugabar ɗakin, wadda tsohuwar ɗalibarta ce, ta rufa mata asiri. Sunanta irin wanda in ka kira a kasuwa mata da yawa za su waiwayo ne, don haka ƙananan nas-nas ɗin ba wadda ta haɗa shi da na littafi. Da ta ji abin da nake bincike a kai, sai ta dube ni ta gefen ido ta ce to ai na samu mace ta farko da zan yi wa tambayoyi, ba sai na je Najeriya ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Daga ranar asiri ya tonu. Manyan nas-nas, shugabannin sassa, furofesoshi masu furfura, kowa ya zo da furanni. Sai su zagaye gadon a tsaye, hannu a harɗe a gaba, cikin ladabi. Su ce, “Ya jiki, Prof?” Ta ce, “Alhamdulillah, da dama.” Su gyaɗa kai, su yi addu'a, su fita da baya-baya. Ina kwance ina kallo, abin ya ɗaure min kai. Duk ita ta koyar da su, duk sun san babin nan fiye da ni. Amma wa zai iya jan kujera ya zauna ya nuna wa Prof cewa bai yarda da amsarta ba? Girmanta ya yi musu yawa. Kujerar gefen gadonta ta zama wurin ajiye furanni.

Ni ba ƙarfin hali ne ya kai ni ba. A keken marasa lafiya nake, ko na so tsayawa ba a yarje min ba. Ana gobe za a sallame ni, da rana bayan masu ziyara sun watse, na tura keken zuwa bakin gadonta. Na ce, “Mak cik, ya jikin?” don bakina ya kasa sabawa da Prof.

Ta ce, “Da dama, 'yata.”

Na yi shiru. A raina ina cewa ke wace ce da za ki yi wa wannan matar haka. Ta kalle ni, ta gane, ta yi ɗan murmushi a cikin abin iskar ta ce, “Au, da kayana za ki kama ni?” Muka zauna. An daɗe, har na fara tunanin ta yi barci. Can sai ta zame abin daga bakinta, ba ta kalle ni ba, ta ce:

“Tsoro nake ji. Na zauna a gefen masu tafiya ba adadi, na zaci na saba da hanyar. Ashe rakiya kawai na iya.”

Duk abin da na karanta a littattafanta ya tsaya ne a kan yadda za ka samu amsar, ban taɓa tunanin nauyinta in ta faɗo a hannunka ba. Na mayar mata da abin iskar, na riƙe hannunta, sanyi ƙalau, ba nauyi. Ta ce kar in gaya wa ɗalibanta, za su damu. Ta ce in ƙara zama kaɗan. Na zauna har aka kawo abincin yamma.

Ba ta fita daga asibitin ba. Ta rasu kafin in kare kundina, wanda dama an ɗaga min shi zuwa wani zangon, kuma sama ba ta faɗo ba. A wurin ta'aziyya ne malamata ta gaya min abin da shugabar ɗakin ta faɗa mata: tun shigowarta likitoci suka hana ta sauka daga gado, don zuciyar ba za ta ɗauka ba, ita ma ta san haka sarai. Bayan tashin da ta yi ranar nan sai da aka ƙara mata iska, kuma ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Na tsaya a tsakar gidan mutane da kofin shayi a hannu, na kasa sha, na kasa ajiyewa.

Na san kwana na Allah ne, ba tashin nan ne ya rage mata ko ɗaya ba. Na gaya wa kaina haka sau da yawa. Yanzu ina koyarwa a makarantar jinya a nan gida, kuma duk shekara in na zo kan ra'inta sai in ga ɗalibai suna kwafe shi da sauri don jarrabawa, kamar yadda na yi. Ba na ganin laifinsu. A takarda abin ba shi da wuya, layi kaɗan ne. Abin da na kasa koya musu shi ne cewa zaman nan ba kyauta ba ne, akwai abin da mai zaman yake bayarwa daga jikinsa.

Jiya na ga tsofaffin abokan karatuna suna ta sa hotonta a shafukan sada zumunta suna tuna abin da ta bar wa aikin jinya, makarantu da littattafai da ɗalibai. Duk gaskiya ne. Ni dai har yau abu ɗaya nake tunawa. Matar nan numfashi kaɗan ya rage mata a ranar, ta sani, ta cire bututun ta taso, ta kashe ɗan numfashin nan a kan baƙuwar da take juya mata baya.